"AI TSUFA NE": ZUBEWAR NAMAN JIKI DA KE KWANTAR DA TSOFAFFINMU A ƘAUYE

Saƙon yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida ko a ƙauye.

Da babbar sallar da ta wuce na je garinmu, na shiga gaida wani kawuna. Mutum ne da na taso na gan shi yana saɓa damin gero tun daga gona har ƙofar rumbu bai sauke a hanya ba. Na durƙusa na miƙa masa hannu biyu, ya kama. Wallahi riƙon nan shi ya fara faɗar min da gaba. Hannun da a da in ya damƙe naka sai ka ji har ƙashi, yanzu kamar an ɗora maka tsumma. Da aka kira la'asar ya yunƙura zai tashi daga tabarma, sau uku yana komawa, sai da jikansa ya zo ya tallafe shi ta hammata.

Na ja babban ɗansa gefe na ce, Yaya, me ke damun Kawu? Ya ce ba komai, an kai shi asibiti an auna jini da suga, duk lafiya lau. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi mako biyu a daminar bara, ya warke, amma tun daga nan ƙafa ta ƙi. Sai suka hana shi zuwa gona, suka ɓoye fartanyar, suka saya masa kujera, ruwan alwala ma kawo masa ake yi. Abinci kuwa tunda haƙora sun zube, koko da safe, fura da rana, tuwo loma biyu da dare. Ya rufe da cewa, "Ai tsufa ne, sai haƙuri."

Tsufa gaskiya ne. Aya ta 54 a Suratur Rum ta jero matakan ɗan Adam, daga rauni zuwa ƙarfi, sannan a koma rauni da furfura, kuma Annabi Zakariyya, alaihissalam, ya kai kukan raunin ƙashinsa ga Ubangijinsa a farkon Suratu Maryam. Ba mai tsere wa wannan in dai an yi tsawon rai. Amma raunin da shekaru ke kawowa a hankali daban, wanda kwanciya da ƙarancin abinci ke jawowa cikin 'yan watanni daban. Na biyun nan yana da suna a wurin likitoci, ana auna shi, yana ƙara haɗarin mutuwa, kuma da yawansa ana iya dawo da shi. Abin takaicin shi ne sau da yawa mu 'ya'ya, saboda tausayi, mu ke ƙara masa gudu.

*Mene ne wannan ciwo?*

A shekarar 1989 wani likita a Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa masa suna sakofeniya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin nama da ƙaranci. Mu sai mu ce zubewar tsoka, ko zaizayewar naman jiki. Tun daga wajen shekara 30 mutum yake fara rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, in an haura 60 abin ya ƙara sauri. Kuma ƙarfi ya fi naman saurin tafiya, wato kafin ido ya ga damtse ya motse, ƙarfin ya riga ya yi nisa.

A lura da wannan: ba ramamme kaɗai take kamawa ba. Akwai Hajiyar da za ka gani da jikinta tubarkalla, kilo bai ragu ba, amma kitse ne ya cike gurbin tsoka. In za ta tashi sai ta dafa gwiwa, ta dafa bango, ta kira yaro. Ita ma tana ciki, har ma nata ya fi nauyi, domin ƙafa marar ƙarfi ce ke ɗauke da jiki mai yawa.

Na san wani zai ce ajali ai a hannun Allah yake. Haka ne, ba ja. Alƙaluman da zan kawo maganar sababi suke yi, irin yadda muke cewa hawan jini na kawo shanyewar ɓarin jiki, mu kuma sha magani.

A 2015 mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, birni da karkara, ciki har da Afirka ta Kudu, Zimbabwe, Indiya da Pakistan. An ba kowa wata 'yar na'ura ya matsa da hannu iya ƙarfinsa, aka bi su wajen shekara huɗu. Aka samu duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Har ma ƙarfin damƙar ya fi awon hawan jini iya nuna wanda ke cikin haɗari. Ka ga riƙon Kawu da ya faɗar min da gaba ba banza ba.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na ƙauyukan da ke kan tsaunin Sirente a Italiya. An auna tsofaffi 'yan shekara 80 zuwa 85 da ke zaune a gidajensu, aka bi su shekara 7. Cikin waɗanda tsokarsu ta zube, kusan biyu cikin uku sun rasu a wannan tsakanin. Cikin waɗanda tasu ba ta zube ba, kusan huɗu cikin goma. Ko da aka cire tasirin sauran cututtukan da suke fama da su, haɗarin masu zubewar tsokar ya haura ninki biyu. A yankin dai an ga faɗuwa ta fi yawa a cikinsu wajen ninki uku.

*Ta yaya raunin tsoka ke kai mutum ga mutuwa?*

Hanyar da kowa ya sani ita ce faɗuwa. Tsohuwa ta fito fitsarin dare, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, cinya ba ta da ƙarfin tare ta, sai ƙashin ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambo a baya da ɗuwawu, sai majina ta taru a huhu, sai jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ko a ƙasashen da ake yin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara. To ina ga inda za a shimfiɗe ta wata uku ana jiran ɗori ya kama? A nan zan faɗi gaskiya ko ba daɗi: masu ɗori suna da inda suke taimakawa, amma karayar wuyan ƙashin cinya, can cikin ƙugu, kara da tsumma ba sa isa wurin, kuma sau da yawa ba ta haɗewa sai da aiki. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, a nemi hoton ƙashi a ranar, a nufi asibitin da ke da likitan ƙashi, irin na Dala a Kano ko babban asibitin jiha.

Sauran hanyoyin ba su fito fili haka ba. Haɗiya aikin tsoka ce, tari ma haka. In sun yi rauni sai tsoho ya riƙa ƙwarewa da ruwa ko koko, abin ya gangara huhu, ya kasa tarin da zai fito da shi, sai nimoniya. Sannan tsoka ita ce rumbun jiki. In ciwo ya zo mutum ya kasa cin abinci, daga tsoka jiki yake ɗibar abin da zai yaƙi cuta da shi ya kuma warkar da rauni. Mai rumbu cike zai fita daga zazzaɓin mako biyu ya rame ya murmure. Wanda rumbunsa ya riga ya yi ƙasa, wannan zazzaɓin ne zai kai shi inda ba ya dawowa. Kuma mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci tsoka ce ke zuƙe shi, shi ya sa ciwon suga da zubewar tsoka suke ciyar da juna.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saurin da kwanciya ke cin nama. A 2007 an buga wani gwaji da aka yi a Amurka: tsofaffi masu lafiya, shekarunsu wajen 67, suka yarda a kwantar da su a gado kwana goma, ana ba su abinci isasshe. Da suka tashi, kusan kilo ɗaya na tsoka ya tafi daga ƙafafunsu kaɗai. Kwana goma fa, kuma ba ciwon komai. Yanzu ka lissafa mako biyu na zazzaɓi ba cin abinci, ka ɗora wata shida na "Baba zauna, a kawo maka".

*Me ya sa ƙauye?*

A gaskiya tsohon ƙauye ya fi na birni fara tsufa da jari. Noma, tafiyar kasuwa, jan guga, daka, tsuguno, zaman tabarma da tashi, duk waɗannan motsa jiki ne da mutanen birni ke biyan kuɗi su yi kwatankwacinsa. Shi ya sa za ka ga ɗan shekara 70 yana huɗa.

Matsalar tana wajen abinci. Gero, dawa, masara, rogo, shinkafa suna ba da ƙarfin aiki da ƙoshi, amma abin da ke gina tsoka a cikinsu, wato furotin, kaɗan ne, kuma jikin tsoho ba ya amsa ɗan kaɗan yadda na saurayi ke yi, sai an ƙara masa. Ga wake da gyaɗa an noma amma an kai kasuwa. Ga kaji a tsakar gida amma ƙwai na ƙyanƙyasa ne ko na sayarwa. In an yi nama, haƙori babu. Ita kuwa Kaka, ko an saka mata tsoka ɗaya a miya, sai ta tsame ta ajiye wa jika. Duk wanda ya tashi a gaban kaka ya ci wannan naman, ni ma na ci, Allah ya saka musu da Aljanna, amma jikinsu ne yake biya. Sannan ga tsakiyar damina: rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, sauro ya yi yawa. A wannan lokacin ne tsofaffi da yawa ke yin zubewar da ba sa farfaɗowa.

Sai ranar da aka raba shi da aikin. Ko ciwo ya raba shi, ko 'ya'ya. Wani ɗa Allah ya buɗa masa, sai ya ɗauko mahaifinsa ya kawo birni, ya ba shi ɗaki mai tayil da talabijin, masallaci a mota, ba sa'a, ba akuya, ba wanda zai je wa gaisuwa. Niyya kyakkyawa ce, lada kuma yana nan in sha Allah. Amma bayan wata shida sai ka ji ana cewa tunda Baba ya zo birni ya lalace. Iyaye mata kuma a kula da lokacin takaba. Wata huɗu da kwana goma tsohuwa tana ƙuryar ɗaki cikin baƙin ciki, ba ci ba motsi, da yawa daga nan ƙafarsu ke tafiya. Takaba ba ta hana zagaya tsakar gida, shara, tsintar wake ko cin abinci mai kyau ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ya kamata a faɗa da babbar murya. Tsoho ya yi kukan ciwon gwiwa ko ciwon jiki, sai a je kemis a karɓo masa haɗi. A cikin irin wannan haɗin sau da yawa akwai deksametason, wanda ake ce wa deksa, ko firednisolon. Ranar farko zai ji garau, har cin abinci ya buɗe, fuska ta ciko, a ce ya murmure. Amma shan su na tsawon lokaci yana cinye tsokar cinya da ƙugu, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana tada suga da hawan jini. A duba ledar maganin tsohonku yau. In ya daɗe yana shan su kada a yanke masa rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, a kai wa likita ya rage a hankali. Maganin barci ma yana sa jiri da faɗuwar dare.

*Gwajin da za a iya yi a tsakar gida*

A samu kujera mai ƙarfi marar hannu, a jingina ta da bango, wani ya tsaya kusa. Tsoho ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tashi tsaye ya zauna sau biyar a jere iya saurinsa, a duba da agogon waya. In ya wuce sakan 15, ko ya kasa sai da dafawa, ƙa'idar da ƙwararrun Turai suka fitar ta ce ƙarfin ya yi ƙasa. Sai a auna mita 4 a ƙasa, ya taka da tafiyarsa ta kullum. In ya kai sakan 5 ko fiye, tafiyar ta yi sanyi.

Akwai na Japan da ba ya buƙatar komai. Yana zaune, ya haɗa manyan yatsunsa biyu da manunai biyu ya yi zobe, ya zagaye inda sha-raɓarsa ta fi kauri. In yatsun ba su haɗu ba, madalla. In sun haɗu har da sauran fili, naman ya zube. Mai tef ɗin tela ya auna: ƙasa da santimita 31 alama ce. Amma in ƙafar a kumbure take awon nan ba ya aiki, kumburin kansa shi ne abin kai wa asibiti.

Kuma kafin a ce zubewar tsufa ce, a tabbatar ba wani ciwo ne ke cin sa ba. Rama mai sauri, tari na mako biyu ko fiye, zufar dare, yawan fitsari da ƙishirwa, jini a bayan gida, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, duk ba tsufa ba ne. Tarin fuka yana ɓuya a jikin tsofaffi ƙwarai, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Raunin da ya zo farat ɗaya a ɓari guda, ko baki ya karkace, wannan na gaggawa ne.

*To mene ne maganin?*

Har yau babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana dawo da tsokar tsoho. Abu biyu ne suka tabbata: a sa tsokar aiki, a kuma ba ta abin gini. Ɗaya ba ya wadatarwa ba ɗaya, kuma in za a fifita, aikin ne gaba.

Kada a ce ya tsufa da yawa. A 1990 a birnin Boston an ɗauki mutum goma a gidan kula da tsofaffi, shekarunsu 86 zuwa 96, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako. Cikin mako takwas ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, kusan ninki uku ke nan. 'Yan shekara casa'in fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da na daidaita tsayuwa kwana uku.

Ba sai an sayi komai ba. Kujerar gwajin nan ita ce kayan aikin: tashi da zama sau 8 zuwa 10, a huta, a sake, safe da yamma. Wanda ba ya iyawa ya fara da dafawa, ko a ɗora matashi kujerar ta ƙara tsawo, bayan mako biyu a cire. Ya dafa bango ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa sau goma. Ya ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, wato kilo ɗaya da rabi, da kowane hannu. Sirrin shi ne a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin tsoka ba ta girma sai ta ji an nemi abin da ya ɗan fi na jiya. In ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe, a tsaya a nemi likita.

Na san ba kowane dattijo ne zai yarda ɗansa ya tsaya a kansa yana ƙirga masa ɗaya, biyu ba. Wani zai ce ka mai da shi yaro. To a bi ta inda zai karɓa. A mayar masa da fartanyarsa ya yi 'yar gonar bayan gida. A bar shi ya ba akuya dusa, ya ɗauki butarsa da kansa, ya taka zuwa masallaci ko da sanda, jika na biye da shi. Inna a bar mata tankaɗe, ɓarar gyaɗa, 'yar shararta. In ta ce za ta yi, kada a yi wuf a karɓe. Kuma wanda ya kwanta ciwo, da zarar zazzaɓi ya sauka a fara zaunar da shi, gobe a tsayar da shi, jibi ya taka zuwa ƙofa. Kada a jira wai sai ya ji ƙarfi, ƙarfin ba ya zuwa a kwance.

Maganar sallah a kan kujera: shari'a ta yi sauƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya nuna wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance. Mai ciwon gwiwa na gaske ko mai jiri kada a takura masa. Sallah ibada ce, ba don motsa jiki ake yin ta ba. Sai dai a lura, mai yin farillai biyar a tsaye yana miƙewa daga ƙasa sau 12 kullum a cikin raka'o'i 17, ban da nafila. Ranar da ya koma kujera gaba ɗaya, wannan duk ya tafi. Wanda zai iya tsayuwa amma sujada ce ke ba shi wuya, ya tambayi malami yadda zai haɗa, kada ya zauna tun daga kabbara.

Abinci kuma, masana sun ce tsoho mai lafiya yana buƙatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 55 ke nan yana neman giram 55 zuwa 66. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kofin madara ko nono wajen 8, kofin dafaffen wake wajen 13, gyaɗa giram 100 tana da wajen 25. Ka ga koko da tuwon miyar kuka zalla ba za su kai shi ko kusa ba. Kuma ya fi kyau a raba a kowane cin abinci, kada a tara a dare.

Ba sai nama ba, ba kuma sai mai tsada ba. Koko ya zo da ƙosai, ko a zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko garin soyayyen waken suya. Fura a dama ta da nono mai kauri ko kindirmo, ba ruwa da tsamiya ba. Alala da awara da ɗanwake suna da taushi, marar haƙori zai ci. Wanda wake ke kumbura wa ciki a jiƙa a surfe a cire ɓawon. Busasshen kifi a daka shi har ƙaya a zuba a miya, miyar gyaɗa da zogale, kunun gyaɗa da yamma, dambun nama ko hanta in an samu. Da damina ƙwan zabi yana araha, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, tana da guba mai cutar hanta. Nonon da aka tatso kuma a tafasa shi. Gargaɗi ɗaya: mai ciwon ƙoda kada a ƙara masa waɗannan sai da izinin likitansa.

Masu tambayar zuma, dabino, habbatus sauda da man zaitun, duk abubuwa ne masu albarka, a ci gaba da amfani da su. Amma zuma kusan ba ta da furotin, dabino ma kaɗan ne, ba za su gina cinya ba, mai suga kuma ya yi hattara da su. In abincin da ya zo a sunna ake nema don wannan matsalar, ga madara, wadda ya zo a hadisi cewa tana tsayawa a matsayin ci da sha. Ga talbina ta garin sha'ir, a dama ta da madara. Ga tharid, gurasar da ake jiƙawa a romon nama, wadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yaba, kuma kamar don marar haƙori aka yi ta.

Azumi ma a duba. Tsohon da ya riga ya zube, in azumi na galabaitar da shi, an yi masa rangwame ya sha. Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, da ya tsufa ciyarwa ya riƙa yi. A mazhabar Malikiyya ciyarwar ga irin wannan tsoho mustahabbi ce, wasu malaman kuma sun wajabta, sai a tambayi malamin gari. Da yawansu kunya ce ke hana su sha a gaban jikoki, sai an lallashe su. Wanda zai iya kuma, sahur ɗinsa kada ya zama koko zalla.

Sai gyaran gida, wanda ba ya cin kuɗi sosai: tocila a gefen shimfiɗa, fo ko bokiti a ɗaki saboda dare, ƙarfe ko igiya mai kauri a bangon banɗaki da zai kama in zai tashi daga tsuguno, a cike ramukan tsakar gida, a raba shi da silifas ɗin da ya sude. In ido ya yi yana a kai a duba, aikin cire ta ba ya daɗewa, kuma rashin gani yana cikin manyan masu kada tsofaffi.

Kawu dai mun zauna da Yaya da matan gidan muka yi magana. Da farko ya ƙi zancen kujera, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne, sai da aka haɗa shi da jikan nan nasa suka mai da abin gasa. Aka sa masa ƙosai da safe, nono da rana, aka fito da fartanya. Bai koma gona ba, ban kuma jin zai koma. Amma da na kira wata uku bayan nan, an ce yana tashi daga tabarma da dafa bango kawai, kuma magariba da isha a masallacin ƙofar gida yake yi.

Masu aika kuɗi gida daga birni, ga abin da na koya a wannan: in ka tura kuɗin cefane dunƙule, cikin tukunyar gida zai narke, tsoho ya samu loma biyunsa kamar kullum. Ware wani abu ka ce wannan na ƙwai da nonon Baba ne, ka damƙa wa mutum ɗaya da ka amince da shi a gidan, ko ka yi magana da mai nono da mai ƙosai kai tsaye ka riƙa biyan su duk wata. In ka kira waya kuma, bayan ka gaida shi, ka ce a ba ka yaron da ke kusa da shi, ka tambaya yau Baba ya fita ƙofar gida da ƙafarsa ko bai fita ba.